Dutsen da ya yi kumfa a bangon Jidda: amsa ga wani magini

Wani ɗan'uwa magini da ke aiki a Jidda ya aiko da wannan tambaya: "Injiniya, mun manna hajar Riyad a fuskar wani gida. Da muka gama, sai yaron aiki ya ɗauko moyat nar don ya wanke simintin da ya ɗiga a jiki. Yana zubawa dutsen ya kama kumfa kamar ana dafa shi, wurin ya yi kaushi, launinsa ya koɗe. Yanzu maigidan ya ce jabun dutse muka sa masa. Jabu ne? Wane irin dutse ne wannan, kuma me ake yi da shi ban da ado?"

Malam, sannu da aiki. Ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar wa maigidan da nasa. Kumfar da kuka gani halin dutsen ce, haka na gaskiya yake yi in ya haɗu da asid irin moyat nar. Na yi shekaru ina gwada duwatsu da siminti, da farko a Riyad, daga baya a nan Jidda, kuma wannan ƙara ta zo gabana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kusan kullum laifin na jarkar da aka ɗauko ne.

Hajar Riyad sunan kasuwa ne. Sunan jinsinsa a Larabci hajar jiri, mu kuma mukan ce dutsen farar ƙasa. Sai dai farar ƙasa a bakinmu jaka ce mai ɗaukar kaya da yawa. Akwai wadda ake shafe ɗaki da ita, akwai farin yumɓun da wasu mata masu ciki kan ci, wanda ba shi da dangantaka da dutsenka, akwai kuma alli, wanda na asali ɗan gidan ne amma na makaranta a yau sau da yawa da jibis ake yin sa, wato farin garin nan na adon silin. Kanwa kuwa dabam take gaba ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Sinadarin da ke jikin dutsenka shi ake kira kalshiyam kabonet. Shi ne dai a ɓawon ƙwai, da gidan katantanwa, da wuri, da murjanin da ke cikin Bahar Maliya. Ka ɗauke shi kamar aure tsakanin abu biyu: nura, wato farin garin da ake shafe da shi, da kuma iskar nan da ke tasowa in ka buɗe lemon kwalba. A cikin kilo 100 na tsantsar dutsen, kilo 56 nura ne, kilo 44 iska ce da aka ɗaure. Abu biyu ke kashe wannan aure, tsami da wuta. In ka riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi. Moyat nar asid ne mai ƙarfin gaske, yana taɓa dutsen sai ya saki iskar, ita ce kumfar da yaronka ya gani, abin da ya rage kuma ya narke ya bi ruwa. Wato fuskar dutsen aka cinye, shi ya sa ta yi kaushi. Lemon tsami, da khal (wato binega), da ruwan tsamiya, da lemon kwalba duk wannan ɓarnar suke yi, a hankali ne kawai.

Amma kada ka je ka ce wa maigidan kumfa ce shaidar dutsen asali, domin hajar sina'i, wanda ake zubawa a cikin mazubi da farin siminti da garin dutse, shi ma yana kumfa. In kana son bambancewa, juya bayan fallen ka duba. Na asali za ka ga sawun zarto, launinsa ɗaya ciki da waje, kuma ba za ka sami falle biyu masu zane iri ɗaya sak ba. Na zubi yakan zo da 'yan ramukan iska, zanensa yana maimaita kansa, in ka fasa shi kuma cikinsa kamar kankare. In ka yi sa'a, a jikin na asali za ka ga sawun 'yan ƙananan katantanwa ko murjani.

Wannan sawun shi ke gaya mana inda dutsen ya fito. Inda Riyad take a yau, teku ne marar zurfi mai ɗumi a da, fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce a lissafin masana ƙasa. Halittun ruwa suna mutuwa, ɓawonsu yana taruwa a ƙasa, wani kan wani, nauyi yana danne shi har ya zama dutse. Tsaunin Tuwaiƙ, wanda ya miƙe kusan kilomita 800 a tsakiyar Najd, tarin wannan ɓawon ne, kuma daga shimfiɗun yankin ake yanko hajar Riyad, fari da mai ruwan madara da rawaya. Wanda ya taɓa tafiya Riyad da mota daga Makka ya hau wannan gangaren gab da shiga gari, inda aka tsaga dutse hanya ta ratsa, kana ganin shimfiɗun a jere kamar an jera tabarmi. Yawancin duwatsun Makka ba haka suke ba, na wuta ne irin giranit, masu duhu da tauri, baƙaƙen duwatsun da suka kewaye Madina kuma aman wuta ne da ya daskare. Can gida ma akwai irin na Riyad ɗin: dutsen Kalambaina da ke Sakkwato ƙasan wani tsohon teku ne.

Ta wajen tauri, hajar jiri ba gwani ba ne. A ma'aunin taurin ma'adinai mai hawa 10, yana kan hawa na 3. Farce ba ya kartarsa, amma wuƙa ko ƙusa tana yi masa zane cikin sauƙi. Yashi kuwa yana wajen hawa na 7, don haka duk takalmin da ya kwaso yashi ya taka shi, goge shi yake yi kamar sanfefa. Wannan laushi shi ya sa maginan duniya suke ƙaunarsa tun zamanin dalar Giza a Masar: yana yankuwa, yana sassaƙuwa, kana fitar da baka da ado yadda kake so. Shi ne kuma ya sa nake hana mutane shimfiɗa shi a bakin ƙofa, ko matakala mai yawan zirga-zirga, ko teburin kicin inda uwargida za ta yanka lemon tsami. A can giranit ya dace.

Da wuƙa da kwalbar khal za ka iya rarrabe yawancin abin da ake sayarwa a kasuwar duwatsu. Wanda farce ya karta, jibis ne. Wanda wuƙa ta karta kuma ya yi 'yar kumfa da khal, hajar jiri ne ko ruham. Wanda wuƙa ta karta amma ya ƙi kumfa sai ka kankare garinsa, galibi ɗan'uwansa ne da ake kira dolomait. Wanda ya gagari wuƙa kuma bai kula khal ba, giranit ne ko makamancinsa.

Tunda na ambaci ruham, wanda muke cewa mabul: shi ma hajar jiri ne da zafi da nauyin ƙasa suka sake dafawa har ƙwayoyinsa suka haɗe. Ya fi ɗaukar sheƙi, ya fi rashin shan ruwa, amma bai tsira daga tsami ba. Farin ruham ɗin filin ɗawafi daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka ake kawo shi. Alhazai da yawa sun yi imani cewa akwai bututun sanyi a ƙarƙashinsa. Babu. Tsananin farinsa ne ke mayar da hasken rana, ga shi kuma an yanka shi da kauri, shi ya sa ƙafa ke iya taka shi da azahar.

Yanzu ga abin da ya fi shafarka a matsayinka na mai gini a Jidda, ya ma fi maganar asid muhimmanci: wannan dutse yana shan ruwa. Cikinsa akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, wani mai yawa, wani kaɗan, ko da daga mahaƙa ɗaya aka yanko su. Ma'aunin Amurka da ɗakunan gwaji suke bi ya kasa shi uku: mai ƙarfi ba ya shan fiye da kashi 3 cikin 100 na nauyinsa, matsakaici har 7.5, mai taushi har 12. Kai ma kana iya gwadawa ba tare da wata na'ura ba. Ka sami gutsure busasshe ƙarau, ka auna, ka jiƙa shi kwana biyu, ka goge, ka sake aunawa. In babu ma'auni, ɗiga masa ruwa: wanda ya shanye nan take ya yi duhu, ka yi hattara da shi. Ka kuma ƙwanƙwasa shi da guduma, mai kyau yana amsawa rau kamar ƙarfe, marar kyau yana yin dum.

A Riyad, inda iska take a bushe, mai taushi ma yakan yi shekaru lafiya lau. Jidda kuwa wata duniya ce. Ga raɓa mai gishiri daga teku, ga ruwan ƙasa a kusa, shi ma mai gishiri. Dutsen yana zuƙar ruwan gishirin, rana tana busar da ruwan, gishirin yana ƙanƙarewa a cikin ƙofofin nan yana tura su, yau da gobe sai fuskar dutsen ta fara zuba kamar gari. Shi ya sa ɓarnar takan fara daga ƙasan bango, da wurin da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga, da gefen lambu inda ake ban ruwa. Ruwa ba ya tsami banza, duk inda ka ga dutsen ya rube, nemi inda ruwa ke zuwa masa.

Mutanen da suka gina tsohuwar Jidda sun san haka sarai. In ka sami sarari wata Juma'a da yamma, shiga Balad ka tsaya gaban bangon da shafensa ya faɗi. Za ka ga hajar manƙabi, dutsen murjani da ake haƙowa a bakin teku wajen tafkin Arba'in, shi ma hajar jiri ne, mai taushi da ramuka kamar soso. Da shi suka tashi gidaje hawa huɗu, hawa biyar. Dabararsu biyu ce. Duk bayan kimanin mita ɗaya sai su gitta katako cikin bangon, wanda suke kira takalil, don ya raba nauyi ya hana tsagewa. Sannan su lulluɓe bangon da shafen nura, su riƙa sabunta shi. Nura tana barin bango ya yi numfashi, danshi ya shiga ya fita, gishirin ya taru a jikin shafen maimakon dutsen. Shafen ne ke mutuwa a madadin bango. Da siminti ya zo, wasu suka yi wa irin waɗannan gidaje filasta da shi suna ganin gata suka yi musu, sai danshi ya kulle a ciki, dutsen ya rube a ɓoye. Masu gyaran Balad, wadda ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2014, sun koma ga nura saboda wannan dalili. In kuma kana son ganin ƙarshen dutsen murjani da aka daina kula da shi, tambayi 'yan'uwanmu na Sudan labarin Sawakin, tashar da kakanninmu masu zuwa Hajji da ƙafa suke tsallakowa daga gare ta. Da aka fara gina Bur Sudan a 1905 jama'a da ciniki suka koma can, aka bar gidajen babu mai shafe, yawancinsu suka zube suka zama tsibi.

Don haka in za ka manna hajar Riyad a Jidda, zaɓi mai ƙarfi, kada ka bar shi ya taɓa ƙasa. Yi wa gindin bango ɗamara da giranit kamar rabin mita, sannan ka ɗora. Falle mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 70 zuwa 80 a kowace murabba'in mita, nauyi ne da bai kamata a bar wa kwaɓin siminti shi kaɗai ba. Na fi son ɗaurin ƙarfe, abin da ake ce wa tarkib mikaniki, da ƙarfen da ba ya tsatsa, a bar 'yar tazara tsakanin dutse da bango. Na taɓa zuwa duba wani gida da aka ɗaure duwatsunsa da baƙar waya don a rage kuɗi. Shekara ba ta yi nisa ba jan tsatsa ya ɓullo ta fuskar kowane falle kamar an ɗiga masa manja, wasu kuma suka fara saki. Arha ta zama tsada. In dole sai da kwaɓi, yi da farin siminti da wankakken yashi, domin baƙin siminti yakan turo tabo da farin gishiri ta cikin dutsen.

Abin mamaki, wannan shan ruwa da ke ba magini ciwon kai shi ne arzikin ƙasar nan. Rijiyoyin Gawar da ke gabas, waɗanda aka gano a 1948, filin mai mafi girma a doron ƙasa mai tsawon kusan kilomita 280, mansu yana zaune ne cikin ƙofofin hajar jiri kusan kilomita 2 a ƙarƙashin ƙasa. Mutane suna zaton tafki ne na mai a can ƙasa, alhali dutse ne da ya jiƙe da mai kamar yadda gutsurenka ya jiƙe da ruwa. Haka ma ruwan da ya raya dabinon Ahsa, daga irin waɗannan shimfiɗu yake ɓulɓulowa. Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan, cikin dubban shekaru yakan narkar da dutsen daga ciki ya bar koguna da ramuka, irin waɗanda Larabawa ke kira dahal a yankin Summan. Wannan ne ya sa a sassan Riyad da gabas ba a wasa da gwajin ƙasa kafin a zuba harsashi: kana iya ganin falalen dutse a sama, ƙarƙashinsa rami ne.

Sai wuta. In aka toya dutsen har zafi ya kai wajen digiri 900, iskar ta fice, sai a sami nura mai rai, fari, marar nauyi, mai ƙishirwa. Ka zuba ta cikin ruwa, sai ruwan ya tafasa ba tare da wuta ba. A nan ina roƙonka ka ja kunnen yaranka: a sa safar hannu da tabarau, kuma in ta faɗa ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a wuce asibiti, domin tana makantarwa. Bayan ta sha ruwa ta huce, ita ce ake shafe da ita. In aka shafa a bango kuma sai ta riƙa zuƙo iskar da ta rabu da ita, a hankali ta koma dutse, an mai da aure ke nan. Mutanen Hijaz sun daɗe suna wannan sana'a, unguwar Nawwariyya da ke arewacin Makka ma daga nura ta samo sunanta. 'Yan Sudan kuma jir suke cewa.

Siminti ɗan wannan gida ne. Kusan kashi huɗu cikin biyar na kayan da ake haɗa shi hajar jiri ne, sauran yumɓu da ɗan ƙarfe. Ana niƙa su, a toya a cikin doguwar tanda mai juyawa har digiri 1450, su dunƙule, a sake niƙawa da ɗan jibis don kada ya yi saurin kamawa. Saboda nauyin dutsen, masana'anta ce ke bin sa inda yake. Ka duba Kalambaina, da Ashaka a Gombe, da Obajana a Kogi, da Malbaza a Nijar, da Atbara a Sudan wadda ta fara tun 1947, ko wace a gindin dutsenta take zaune. Tsakuwar kankare da ta kwalta a Riyad ma yawanci shi ne aka farfasa. Wato ko ba ka manna shi a fuska ba, yana cikin ginin da kake yi.

Sauran amfaninsa kana tare da su kullum ba ka lura ba. Yana cikin gilashin taga, da fenti, da takarda, da bututun roba, da wasu nau'o'in man goge baki, da ƙwayar da ake taunawa in ƙwannafi ya taso. Masu narka ƙarfe da shi suke tsamo datti. Masana'antun sukari irin na Kenana a Sudan da nura ake tace ruwan rake. Masu kiwon kaji suna zuba garinsa a abinci don ɓawon ƙwai ya yi ƙwari. Ruwan tekun da ake tacewa mu sha a Jidda da Makka yakan fito babu komai a cikinsa, har yana cin bututu, sai an mayar masa da ɗan kalshiyam ta hanyar hajar jiri ko nura kafin a sako shi. Farin dattin da ke kama gindin butar shayi kuma shi ne dai, kuma da khal ko milhil laimun, wato gishirin lemon tsami, uwargida ke cire shi. Abin da ta yi wa buta da gangan, shi yaronka ya yi wa bango da kuskure.

Ga masu lambu, gargaɗi ɗaya. Za ku ji ana cewa garin wannan dutse yana gyara gona. Gaskiya ne, a ƙasa mai tsami inda ruwan sama ya yi yawa. Ƙasar Saudiyya da baƙar ƙasar Jazira a Sudan ba tsami ke damunsu ba, jir ɗin ma ya yi musu yawa, shi ke sa ganyen lemo ya yi rawaya don ya kasa jan sinadarin ƙarfe. Ƙara musu shi ƙara wa Barno dawaki ne.

To, bangon da ya riga ya ƙone fa? Abin da asid ya cinye ba ya dawowa, kuma babu wani ruwan magani da zai mayar da shi, kada wani ya sayar maka. Fara da wanke wurin da ruwa mai yawa daga sama zuwa ƙasa, sau da dama, domin asid ɗin da ya shige ciki yana barin gishiri mai jan danshi, yana kuma cin ƙarfen ɗauri. Bi shi da ruwan da aka jiƙa bikarbonat a ciki don ya kashe saura, ka sake ɗaurayewa, ka bar shi ya bushe kamar mako guda. Bayan nan a goge fuskar da injin jali, wato injin goge dutse, daga sanfefa mai kaushi zuwa mai laushi, a cire milimita ɗaya ko biyu, sabon dutse zai fito daga ƙasa. A goge fallen gaba ɗaya har da maƙwabtansa don kada launi ya bambanta. Wanda ya ci ya yi rami, ko ya yi rawayan da ya ƙi fita, cire shi ka sa wani, ya fi sauƙi. In komai ya bushe, a shafa azil, wato maganin hana shan ruwa, irin wanda ke shiga cikin dutse ya bar shi yana numfashi, ban da mai sheƙi da ke yin fata a sama, wannan ɓarewa yake yi a zafin Jidda. Simintin da ya ɗiga nan gaba kuma a goge shi da jiƙaƙƙen soso tun yana ɗanye, in ya bushe a kankare da wuƙar fenti da sanfefa.

Shi kuwa maigidan, kada ka tsaya dogon musu da shi. Ɗauki gutsure daga ragowar dutsen, ka tafi da shi wurin mai sayar da duwatsun da shi kansa ya yarda da shi, a ɗauko sabon falle daga can, a ɗiga wa kowanne moyat nar a gaban idonsa. Kuɗin jali kuwa, gaskiya, a kanku yake, tunda yaronku ne ya ɗauko jarkar.